Fargabar Sabon Malami: Tsakanin Kunya da Tambaya

Ranar da sabon mataimakin malami ya fara tsayawa gaban ɗalibai, takardar digirinsa ba ta hana gabansa faɗuwa. Jiya shi ma ɗalibi ne, yau kuwa shi ake jira ya warware azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya tsara. Tambayar da ke cin ransa ita ce: anya ya cancanci wannan matsayi? A 1978, a nazarinsu kan mata masu ƙwazo, Pauline Clance da Suzanne Imes sun bayyana irin wannan hali, inda mutum ke ganin kansa tamkar sojan gona da asirinsa ke gab da tonuwa.

A sassan nazarin Hausa, kunya tana ƙara wa wannan fargaba nauyi. Kirk-Greene ya sanya kunya cikin siffofin mutumin kirki a 1974, kuma babu mai musun darajarta. Sai dai sabon malami yakan ji nauyin komawa wurin farfesan da ya koyar da shi ya ce akwai abin da ya shige masa duhu. Daga nan sai ya nemi mafaka: ko dai ya riƙa karanta wa aji tsohon littafin darasinsa kalma bayan kalma, ko ya ɗaure fuska don kada a yi masa tambaya. Ɗalibai ne ke kwana ciki, domin aji ya zama wurin shifta.

Tsangaya ta daɗe da magance wannan matsala. Gardi yana biya wa ƙolo da titibiri karatu, amma malam na kusa yana saurare, in ya yi tuntuɓe a gyara masa ba tare da mutuncinsa ya zube ba. Jami'a kuwa sau da yawa jadawali kawai take miƙa wa sabon malami.

Saboda haka, ya kamata shugabannin sassa su haɗa kowane sabon malami da wani gogagge, su riƙa shiga aji tare a zangon farko. Manyan malamai kuma su riƙa ba da labarin kurakuransu na farko a fili. Shi kuwa sabon malami, ya sani cewa faɗin “zan bincika” ba ya rage masa daraja, muddin ya dawo da amsa. Matambayi ba ya ɓata, ko da shi ne ke riƙe da alli.