BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ya san yadda wata yake tafiya da ma'aikaci. Ran da albashi ya shigo fuska a sake take, ana raha ana aiken masinja tsire. Kafin a yi kwana goma murya ta soma sauka, kafin a kai ashirin kuwa an koma littafin mai kanti da rancen abokin aiki. Har ma akan yi ba'a a ce watan ma'aikaci kamar na azumi ne, wato goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin albashi. Ana faɗa ana dariya, amma wannan hali shi ne yake kai mutum ya yi shekara 35 yana aiki, ya ajiye ba shi da ko ɗakin kwana nasa na kansa. Don haka muka ga ya kamata yau mu yi magana da ma'aikata da ɗalibai a kan tsimi da tanadi.

Tarihin ƙasar nan ya isa wa'azi. A shekarar 1974 kwamitin Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, aka kuma haɗa musu da ariyas na watanni tara a farkon 1975. Kuɗi suka faɗo hannun mutane a dunƙule. Aka ruga kantuna, wannan ya sayi rediyo mai kaset, wancan babur, wani ya ƙara aure. 'Yan kasuwa suka ga haka suka ɗaga farashi, har tsadar kaya ta ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari a shekarar nan ɗaya. Kafin 1975 ta fita, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata sama da dubu goma. Mutum ya kwana yana babban jami'i, ya wayi gari an ba shi wa'adin fita daga gidan gwamnati. Wanda ya sa ariyas ɗinsa a fili ko gona ya sami inda zai nufa da iyalinsa, wanda ya sa a kayan alatu kuwa sai zauren 'yan'uwa.

Ba a tsaya nan ba. Da kasuwar man fetur ta faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982. A 1984 aka yi ta bin layi don madara da sukari da sabulu, aka kuma rage ma'aikata. A 1986 aka shiga shirin SAP, darajar naira ta karye. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan da ya biyo baya aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, kuma a Disamba 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Saurin hauhawar ya ragu daga baya, amma farashin mota da haya da magani bai koma inda yake kafin 2023 ba. Abin da ke cikin wannan jerin shekaru shi ne, babu wani tsara na ma'aikata da ya shiga aiki ya fita bai gamu da fari ba. Wanda ya ɗauka albashin bana zai saya masa abin da ya saya bara, bai karanta tarihi ba.

Mun san abin da mai karatu zai ce. Zai ce ina aka ƙoshi balle a rage? Maganarsa tana kan hanya. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma a ƙarshen shekarar nan kuɗin buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura wannan adadi a kasuwanni da dama. Ba za mu yi wa masinja da lebura da malamin firamare gorin rashin tanadi ba, alhali abin da suke karɓa ba ya kai su tsakiyar wata. Hakkinsu yana wuyan masu biyansu, kuma za mu zo kan wannan. Sai dai duk wanda ya san ofis ya san cewa ba ƙaramin ma'aikaci kaɗai yake cin bashi ba. Akwai mai mataki na 14 da ya fi masinjansa yawan masu binsa kuɗi, kuma duk ƙarin girman da aka yi masa sai bashin ya ƙaru tare da shi. Wannan ya nuna cewa bayan ƙarancin albashi akwai wata ɓaraka ta dabam, kuma ita ce take hannunmu.

Ya kamata a bambanta tsimi da rowa, domin tsoron a kira mutum marowaci ya talauta gidaje da yawa. Marowaci shi ne mai hana iyalinsa abinci mai gina jiki, mai barin yaro da zazzaɓi kwana uku don kada ya sayi magani, mai cire 'yarsa daga makaranta don kuɗin littafi. Irin wannan ragi asara ce, domin cutar da aka ƙi kashe wa dubu biyu yau ita za ta ci dubu ɗari gobe. Mai tsimi kuwa yakan cika wa kowa hakkinsa, sa'an nan ya toshe hanyoyin da kuɗi ke zurarewa ba tare da sun amfani kowa ba. Kakanninmu manoma sun san wannan sarai. Ba a buɗe rumbu don marmari, ba a taɓa iri ko da yunwa ta matsa, kuma uwargida takan auna tsabar yini da mudu ɗaya wanda kowa ya sani.

Matakin farko shi ne lissafi. Abin mamaki ne a ce akawun da yake riƙe da littattafan ma'aikata guda bai san abin da gidansa yake ci a wata ba. Muna ba kowane magidanci shawara ya sayi ɗan littafi, ya zauna da matarsa, su rubuta duk abin da ya fita har tsawon kwana talatin, daga kuɗin cefane har na katin waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Yawanci abin da za a tarar shi ne ƙananan abubuwan da aka raina su ne suka fi ci, irin su lemon kwalba bayan azahar, da abincin saye a ofis alhali an dafa a gida, da hawan a-daidaita-sahu zuwa inda ƙafa za ta kai, da data da ake ƙonawa a kallon abin da ba ya ƙara komai. Naira 500 da aka hana fita kullum ita ce 15,000 a wata, ita ce kuma 182,500 a shekara.

Na biyu shi ne sanin lokacin saye. Talaka ya fi kowa sayen kaya da tsada, saboda yana saye ƙulli-ƙulli, kuma sau da yawa bashi, inda ba shi da bakin yin ciniki. Hatsi yakan yi sauƙi da kaka, ya yi tsada idan damina ta yi nisa. Ma'aikata biyar ko goma za su iya haɗa kuɗi su aiki ɗayansu Dawanau ko kasuwar ƙauye mafi kusa, a sayo gero da masara da wake da buhu, a raba. Akwai buhun nan mai ninki uku da yake kare wake daga ƙwari ba tare da an zuba masa magani ba. Tumatir da tattasai da albasa sukan yi araha da rani lokacin da kayan lambun Kadawa da makamantansu suka cika kasuwa, kuma iyayenmu mata sun daɗe da sanin yanka su a shanya a ajiye, kamar yadda ake yi wa kuɓewa. Amma a lura, muna maganar sayen abin da gida zai ci ne. Ɓoye hatsi don jiran tsada zalunci ne, kuma waɗanda suka yi haka sun ji a jikinsu da farashin masara ya faɗi a 2025.

Na uku, kuma shi ne babba, bukukuwa. A nan ne tanadin shekara yake ƙonewa a kwana uku. Aure ɗaya an ɗora masa kamu da dina da walima da yinin biki, kowanne da ankonsa da ɗakin taronsa da mai hotonsa. Akwatunan lefe sun zama abin gasa tsakanin dangi, kayan ɗaki kuwa har uba yakan sayar da gonar gado don kada a ce 'yarsa ta gaza 'yar wane. Suna ma da ake yi da rago da goro ya koma biki. Baƙin da aka yi dominsu sun ci sun watse, wasu ma suna kushe abincin, an bar ango da amarya da bashin da zai fara cinye zaman lafiyarsu tun watan farko. Babu addinin da ya ɗora wa mutum wannan. Muna kira ga manyan ma'aikata su fara ragewa a gidajensu, domin idan babban sakatare ya aurar da 'yarsa da walima ɗaya, akawu zai sami bakin cewa shi ma haka zai yi.

Na huɗu shi ne bashi. Rance don gina ɗaki, ko sayen taki, ko keken ɗinki da zai kawo wani abu, yana da hujja. Rance don sabuwar waya ko shaddar salla kuwa sayar da albashin gobe ne da rahusa. Yanzu masu ba da rance suna bin ma'aikaci har cikin wayarsa, da kuɗin ruwa mai nauyi, ana zare nasu tun kafin albashin ya iso hannunsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Idan an tsimta, sai a san inda za a ajiye. A cire rabon ajiya ran da albashi ya shigo, ko da kashi 5 cikin ɗari ne, domin wanda ya ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata ba zai ga saura ba. Adashi da ƙungiyar gama kai ta ma'aikata suna da amfani idan an san amanar masu riƙe da kuɗin. Abin da aka tanada don larurar gaggawa a sa shi a banki mai lasisi, tun da hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5 a 2024. Abin da ya wuce haka a mai da shi kadara, ko tunkiya, ko fili mai takarda, saboda kuɗin da aka binne a ƙarƙashin katifa tsada tana cinsu kullum. A kuma guji masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Dubban mutane sun yi kuka da MMM ta rufe a Disamba 2016, kuma irinta ba su daina fitowa da sabon suna ba. Haka nan kada a dogara da fansho kaɗai. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai biyansa ya zuba kashi 10, amma wannan ba zai gina wa mutum gida ba.

Ku kuma ɗalibai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin da aka aiko muku daga gida wani ya yi gumi a kansu, wataƙila ma akuya aka sayar. Ku haɗa tukunya ku uku ko huɗu, ku yi amfani da ɗakin karatu, ku riƙe wayar da kuke da ita muddin tana aiki. Wanda ya karɓi rancen karatu na NELFUND da aka soma a 2024 ya tuna cewa bashi ne, za a fara biyansa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Ɗalibin da ya koyi rayuwa daidai ƙarfinsa a makaranta, albashin farko ba zai ruɗe shi ba.

Dalilin da ya sa muka matsa a kan wannan batu ya wuce aljihun mutum ɗaya. Ma'aikacin da bashi ya shaƙe shi ne wanda fayil yake ɓacewa a teburinsa sai an ga abin goro. Yawancin masu cin hanci ba da niyyar sata suka shiga aiki ba. Sun ɗora wa kansu rayuwar da ta fi ƙarfin albashinsu, daga nan ɗan kwangila ya zama ubangidansu. Wanda yake da abincin wata uku a ɗaki da ɗan abin da ya ajiye yana iya duban mai ba shi toshiya ya ce a'a, yana kuma iya faɗa wa shugabansa gaskiya ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Daga ƙarshe, gwamnatoci su ma da nasu. Ba a yi wa talaka wa'azin ɗaure ciki daga cikin jerin gwanon motoci ashirin. A zamanin Janar Olusegun Obasanjo na mulkin soja, daga 1976 zuwa 1979, an taƙaita manyan jami'ai ga mota Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, kuma aikin gwamnati bai tsaya ba. Muna roƙon hukumomi su rage tafiye-tafiye da shagulgula, su biya albashi a kan kari, su biya mafi ƙarancin albashi yadda doka ta ce, su kuma sallami tsofaffin da suke jiran garatuti, domin ma'aikacin da bai san ranar albashinsa ba ba zai iya tsara komai ba.

Albashin wannan wata yana tafe. Muna fata kowane mai karatu zai ware wani abu tun ran da ya shigo, komai ƙanƙantarsa, ya kuma buɗe littafin lissafin gidansa a daren nan. Allah ya sa mu gama aiki lafiya, mu koma gida da rufin asiri.