Koyar da Motsa Jiki Ya Wuce Busa Usur

A makon jiya na bi ta gefen wata makarantar firamare a Sabon Gari da tsakar rana, na tarar da yara suna zagaya fili a guje, malaminsu kuwa yana zaune a inuwar darbejiya da usur a wuya. Da na tambaya, sai aka ce mini ai malamin lissafi ne, an ɗora masa darasin ne don cike gurbi.

Haka muka ɗauki darasin motsa jiki, wai aikin kowa ne. Alhali a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe guda da ɗalibi ke shafe shekaru yana karanta tsarin jikin ɗan Adam da aikin zuciya da huhu da matakan girman yaro kafin a ba shi digiri a wannan fanni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lafiya. Da wuya a sami makarantar da babu mai ciwon sikila ko asma. Yaro mai sikila, idan aka tilasta masa gudu cikin zafin bazara ba tare da ruwan sha ba, ciwonsa na iya tashi nan take. Malamin da bai san wannan ba cewa zai yi lalaci ne, wataƙila ma ya haɗa masa da bulala. Dole malami ya san wanda ke gabansa, ya iya bambance gajiya da alamar suma, ya kuma san taimakon farko na targaɗe da karaya.

Sai kuma dabarar koyarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Ba za a cim ma haka da ƙwallo ɗaya da 'yan wasa 22 ba, saura suna kallo, 'yan mata kuwa an tura su shara. Gwanin malami yakan raba yara rukuni-rukuni, ya shigo da langa da 'yar gala-gala, kowa ya yi gumi.

Zariya ta san amfanin gwani. A nan Masai Ujiri ya fara ƙwallon kwando, a hannun koci Oliver Johnson, kafin ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Duk shekara Samaru na yaye masu wannan ilimi. Ina so hukumomin ilimi na Jihar Kaduna su gaya mana nawa ne daga cikinsu ke koyarwa a makarantun Sabon Gari.