Motar Yuro Ɗaya: Wasiƙa a Buɗe ga 'Yan Gwanjon Intanet

Zuwa ga masu sana'ar taya kaya a gwanjon intanet: masu sayo motoci a Copart da IAA na Amurka, da masu farautar waya da agogo a eBay, da masu dakon ranar gwanjon Hukumar Kwastam ta Najeriya. 

A watan Nuwamban 2014, babbar kotun tarayyar Jamus da ke Karlsruhe ta yanke hukunci a kan wata mota ƙirar Volkswagen Passat. Mai motar ya sa ta a eBay, ya ce a fara tayi daga yuro 1. Ba a jima ba wani ya taya yuro ɗayan, ya kuma saita cewa in takara ta yi zafi zai iya kaiwa yuro 555.55. Bayan 'yan sa'o'i mai motar ya samu wanda zai ba shi yuro 4,200 a waje, sai ya soke gwanjon. Mai tayi ya garzaya kotu, ya ce motar ta kai yuro 5,250, don haka a biya shi diyyar 5,249. Ya kuwa ci shari'a. Alƙalan suka ce neman garaɓasa shi ne abin da ke jawo mutane gwanjo tun farko, kuma mai kayan da ya fara daga yuro 1 bai sa mafi ƙarancin farashin da zai sallama ba, shi ya ɗauki kasadar da hannunsa.

Mai wannan wasiƙa yana ganin alƙalan sun yi daidai, kuma ɗan gwanjon da ya tsinci dami a kala ta wannan hanya ba shi da abin jin kunya. A kasuwar Kurmi ko a kara, in an taya kaya a wulaƙance mai kaya ya ce albarka, magana ta ƙare. A intanet kuwa albarkar tana zuwa ne kafin a buɗe gwanjo: mutum ya ɗaga farashin farawa, ko ya kafa iyakar da ba zai sallama ƙasa da ita ba. Wanda ya ƙi yin haka yana da dalili. Ya san ƙaramin farashi yana tara jama'a, jama'a kuma in sun taru sai su yi ta hawa kan juna har kaya su wuce kimarsu. Ranar da dabarar ta ci, ba ya mayar wa kowa rara. Ranar da ta ƙi, bai kamata ya nemi a tausaya masa da kuɗin wani ba. Kotun jihar New South Wales ta Ostireliya ta bi wannan layi a 2007, lokacin da ta tilasta wa wani ya miƙa tsohon jirgin saman soja ƙirar Wirraway ga mutumin da ya taya shi dalar ƙasar 150,000 a eBay, duk da mai jirgin ya samu tayin da ya fi wannan sosai a gefe.

Haka ma wanda ya laɓe sai daƙiƙun ƙarshe ya jefa tayinsa. Yana ɓata wa abokan takara rai, amma dokar eBay ta yarda, kuma ƙofar a buɗe take ga kowa.

Matsala tana farawa ne daga inda arahar ta fito daga kuskuren da mai saye ya gani da idonsa. A watan Janairun 2003 wani kanti na intanet a Singafo, Digilandmall, ya rubuta dala 66 a kan injin buga takarda na HP wanda farashinsa dala 3,854. Cikin dare wasu abokai shida suka yi ta sanar da juna, kafin gari ya waye sun yi odar injuna 1,606. Da kantin ya ƙi bayarwa suka kai ƙara, suka sha kaye har a kotun ɗaukaka ƙara, domin yawan odar da gaggawar da suka yi sun tona cewa sun san kuskure ne. Ba gwanjo ba ne, amma hukuncin ya shafi duk mai saye a intanet. Ita ma kotun Karlsruhe, wadda ta goyi bayan mai yuro ɗaya, ta juya wa wani mai saye baya a 2017. Keke mai lantarki ne aka sa masa yuro 100 a gurbin farashi, alhali a cikin bayanin kaya an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kuɗinsa yuro 2,600. Kotu ta ce ba a ɗaukar gurbi ɗaya a rufe ido daga sauran talla.

Mai Passat ya san abin da ya rubuta, ya yi nadama ne kawai daga baya. Ma'aikacin kantin Singafo bai taɓa nufin dala 66 ba. Ɗan gwanjon da ya shekara yana sana'a yakan bambance waɗannan biyun cikin minti ɗaya, kuma idan ya ce bai gane ba, yawanci ba ya son ganewa ne.

Akwai wuri mai santsi a tsakani, kuma a nan ƙwararru suka fi cin abinci. Wani magaji ya sa kyamarar mahaifinsa a gwanjo bai san darajarta ba. Wani ya rubuta sunan agogo da kuskuren harafi, masu nema ba su gan shi ba, sai mutum ɗaya. Har shafuka aka buɗe don farautar irin waɗannan kurakuran rubutu. Ilimi jari ne, kuma wanda ya ɓata shekaru yana koyon bambanta na asali da jabu ya cancanci ribar saninsa. Idan gwanjo ya yi kwanakinsa a bainar jama'a ya kuma faɗo masa da araha, rabonsa ne. Sai dai abu biyu suna ɓata wannan rabo. Idan mai kaya ya tambaye shi kai tsaye nawa abin ya kai, ya kuma karya masa farashi da gangan, ya ci amana. Malaman Malikiyya sun ba wanda ya miƙa wuya ga sanin abokin cinikinsa aka kuma cuce shi damar warware ciniki. Na biyun ya fi yawa a yau: mutum ya ga kaya mai daraja a ranar farko, ya lallaɓa ta saƙon sirri ya ce wa mai shi ya rufe gwanjo ya karɓi 'yan kuɗi yanzu. Wannan shi ne taren fatake a bayan gari kafin su ji farashin kasuwa, abin da Annabi (SAW) ya hana, ya kuma ba mai kaya zaɓi idan ya iso kasuwa ya ga an kwashe shi. Dokar eBay ma ta haramta jan ciniki zuwa waje.

Daga nan sai arahar da aka ƙera da hannu. 'Yan kasuwa biyar su haɗa baki, ɗaya ya taya sauran su yi shiru, bayan an sallama su raba ganima. Ingila ta mayar da wannan laifi tun a dokar 1927, kuma Mukhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya yarda mutum ya roƙi wani daga cikin masu tayi ya janye masa, amma bai yarda a toshe bakin kowa da kowa ba. Intanet ta ƙaro sabon salo: mutum ya yi ƙaramin tayi, abokinsa ya ɗora wani mahaukacin farashi da zai kori kowa, dab da rufewa ya janye, kaya su faɗo kan ƙaramin tayin. Sata ce, ko da rasit ya fito.

Masu sayarwa su ma kada su yi murmushi. Wani Bajamushe ya sa Golf daga yuro 1, ya buɗe asusu na biyu yana taya motarsa da kansa, har ya kai ta yuro 17,000. Wannan shi ne najashi, wanda hadisi ya hana. A 2016 kotun Karlsruhe ta share duk tayin bogin, ta ce sahihin tayi mafi girma yuro 1.50 ne, ta kuma ɗora masa diyyar yuro 16,500. A ranar ne kuma ta kori ƙarar da ta taso daga tayin wani mai bin gwanjo-gwanjo yana sa ƙananan kuɗi, ba don yana son kayan ba, sai don in an soke gwanjo ya nemi diyya. Ƙarar ta mutu a kan ƙa'idar shigar da ita, amma alƙalan sun nuna ba su ga aibu ba a kallon da ƙaramar kotu ta yi wa halin nasa a matsayin wasa da doka.

Wanda kuma ya ci gwanjo da halaliyarsa, sai mai kaya ya zo da magiya, ba dole ba ne ya saki. Amma shari'a ta kwaɗaitar da iƙala, wato yarda a warware ciniki don abokin ciniki ya yi nadama. Babban kamfanin inshora mai zubar da dubban motoci a wata ba ya buƙatar wannan alfarma. Bazawarar da ta manta sifili ɗaya a farashin keken ɗinkinta tana buƙata.

Saura dillalai, masu taya mota a madadin wani da ke Kano ko Maraɗi. Alhaji ya ce a nemo masa mota kada ta wuce dala 6,000, sai Allah ya sa ta faɗo a 3,800. Idan dillali da kuɗinsa ya saya, ya ɗauki kasadar jirgi da kwastam, to hajarsa ce, ya sayar yadda suka daidaita. Idan kuwa da kuɗin Alhaji ya taya a kan la'ada, shi wakili ne, kuma rarar 2,200 ta Alhaji ce. Kamfanonin gwanjon suna fitar da takardar da ke nuna farashin da aka sallama da kuɗin hidimarsu dalla-dalla. Dillali ya tura wa mai kuɗi ita yadda take, tun kafin a tambaye shi, sa'an nan in yana ganin wahalarsa ta fi la'adar, ya buɗe baki ya nemi ƙari.

Wassalam.