Girkin Mako: Dankalin Makiyayi, Tukunya Ɗaya Ta Ishi Gida

Girkin wannan makon na ware shi ne musamman domin 'yan uwanmu na yammacin Zamfara, su Anka da Gummi da Bukkuyum, har ƙauyuka irin su Sunke, inda itace da gawayi suka yi tsada, shiga daji neman kirare kuma ya zama kasada. A irin wannan hali, abincin da zai dahu a murhu ɗaya da tukunya ɗaya, ba tuwo daban miya daban ba, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Turawan Ingila suna kiransa shefads fai, wato fai ɗin makiyayi, saboda da naman rago ake yin sa. Kada sunan ya ba ki tsoro, babu kwaɓin fulawa a ciki kamar mit fai ɗin da kika sani. Nama ne da kayan lambu a ƙasa, dakakken dankali a sama, a gasa. Asalinsa ma abincin talakawan Birtaniya da Ailan ne tun ƙarshen ƙarni na 18, dabarar da matansu suka yi don kada ragowar gasasshen nama ya lalace. Mu kuwa da muke da soyayyen naman layya a ajiye har yara su gaji da taunarsa, ai mun fi su buƙatar dabarar.

Don mutum 6 ko 7, ki tanadi dankali kilo ɗaya da rabi, nama rabin kilo, albasa manya 2, tumatir 4, tattasai 2, attaruhu daidai bakin gidanki, karas 3, dafaffen wake gwangwanin madara 2, da ganyen zogale ko alayyahu cikin hannu biyu. Sai man gyaɗa, man shanu, madara ko kindirmo rabin kofi, fulawa cokali 1, tafarnuwa, citta, masoro, gishiri da dunƙule. Dankalin turawa ya fi, amma daga Filato yake tasowa, kafin ya iso Gummi kuɗin mota ya hau kansa. Dankalin Hausa yana yi sarai, ki zaɓi fari mara zaƙi sosai, ki ɗan ƙara yaji a naman don ya danne zaƙin. Ni na fi son a haɗa su rabi da rabi.

Ki fere dankalin, ki dafa da gishiri har ya yi laushi, ki tsiyaye ruwan tas, ki bar shi a tukunya minti 2 tururi ya fita. Ki juye a kwano, ki zuba man shanu da madara, ki murƙushe da muciya ko bayan ludayi. Kada ki kai shi turmi, zai yi danƙo ya koma sakwara, ba ita muke nema ba. Ki rufe ki ajiye gefe.

Naman ne ke buƙatar turmi. Idan ɗanye ne, ki ce wa mahauci ya sassara miki ƙanana sosai. Idan soyayye ne, ki ɗan tafasa ya yi taushi, ki daka sama-sama kamar za ki yi dambun nama.

A nan zan tsaya in yi maganar da ta fi girkin muhimmanci. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida, a daka, a niƙa, wani lokaci a turmin da ake surfe da injin da ake niƙan hatsi, ƙurar ta bi ƙasa ta bi abinci ta shiga cikin yara. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan, Bagega ma aka yi nata a 2013, likitocin MSF sun yi shekaru suna ba yara magani, amma haƙar zinare ba ta tsaya ba. Don haka turmi ko taɓaryar da ta taɓa dutse, ko sau ɗaya ne, ta fita daga harkar abinci har abada. Wanki ba ya fitar da ƙurar da ta shige tsagar ice, tafasa kuma ba ta kashe dalma, don ba ƙwayar cuta ba ce. Idan maigida ko samari suna zuwa wurin haƙa, su bar tufafin aiki da takalma a waje, su yi wanka kafin su ɗauki yaro ko su sa hannu a kwano.

Dalilin da ya sa na sa wake da ganye da madara ke nan, ba don auki kaɗai ba. Yaron da ke da ƙarancin jini, ko wanda ke yini ciki ba komai, jikinsa ya fi saurin zuƙar dalma. Nama da wake da ganye suna ba da sinadarin ƙarfen da ke gina jini, madara da zogale kuma suna ba da sinadarin ƙarfafa ƙashi, dukansu suna rage abin da jiki ke ɗauka. Rage wa suke yi, ba magani ba ne. Yaron da ke yawan amai, ciwon ciki, kasala ko jijjiga, asibiti za a kai shi a nemi gwajin jini.

To, mu koma tukunya. A wadda kika dafa dankalin, ki zuba mai kaɗan, ki soya albasa har ta yi ja, ki zuba nama da tafarnuwa da citta da masoro. Idan ya soyu, sai jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu, da karas yankakke ƙanana. Ki barbaɗa fulawar ki juya, ki zuba romo ko ruwa kofi ɗaya, ki bar shi minti 10. Wake da ganye su ne na ƙarshe. Ɗan daddawa a nan ba laifi, Turawan ma wani baƙin ruwan ɗanɗano suke ɗigawa don su sami abin da daddawa ke ba mu kyauta. Abin lura ɗaya ne: haɗin ya yi kauri, idan kika ja ludayi ki ga gindin tukunya. In ya yi ruwa, dankalin zai nutse, ki tashi da fate.

Ki sauke ya ɗan huce, ki baje shi daidai. Ki riƙa ɗora dankalin cokali-cokali daga gefe zuwa tsakiya har ya rufe naman ruf, ki ja layi a samansa da cokali mai yatsu, ki shafa man shanu. Layukan nan su ne ke yin ƙamas-ƙamas, su yara ke faɗa a kai.

Mai oben ta gasa a maki 200 na minti 25 zuwa 30. Wadda ba ta da shi, ta janye itacen ta bar garwashi kaɗan a ƙasa, ta rufe tukunyar da marfin ƙarfe, ta tara garwashi mai yawa a kan marfin. Wutar sama ta fi ta ƙasa, tunda ƙasan ya riga ya dahu. Bayan minti 20 ki kaɗe tokar ki leƙa, idan saman ya yi ja ya yi. Na san da yawa sun saba gashin kek da yashi a tukunya, amma a yankin da ake wanke dutsen zinare ban yarda a ɗebo yashin rafi ko na tsakar gida a kawo shi kusa da abinci ba.

Ki bar shi minti 10 kafin ki yanka, in ba haka ba zai wargaje. A ci da yajin ƙuli, a kan tabarma mai tsabta, bayan kowa ya wanke hannu da sabulu. Ki ɗebe wa yara nasu na safe tun kafin manya su sa hannu, ki ajiye a wuri mai sanyi, da asuba ki ɗumama shi ya yi zafi har ciki, su ci kafin su fita makaranta. Wadda ta gwada shi da kabewa ko rogo a madadin dankali, ta ba mu labari mu ji yadda ya kasance.