Hawan Dutse Ba Yawon Sallah Ba Ne

Da shigowar hunturu, wata al'ada da ta fara samun gindin zama a tsakanin matasan Yola da Jimeta ta sake ɗago kai, wato haɗa ayari a Facebook ko WhatsApp domin zuwa hawan dutse. Duk wanda ya dubi hotunan da ake yaɗawa zai ga samari da 'yan mata sanye da silifas, kowa riƙe da ledar ruwa ɗaya ko biyu, sun tunkari duwatsun da mazaunansu ma ba sa yi musu wasa. Sha'awar kanta abar yabo ce, amma gangancin da ke tattare da ita ya isa ya tayar da hankalin duk mai 'ya'ya.

Wajibi ne a fara bambance dutse da dutse. Bagale, wanda ake hangowa a tsallaken Binuwai, ana iya hawansa a dawo gida a yini guda, amma duwatsun Alantika da ke kan iyakar Kamaru, inda al'ummar Koma ke zaune a Ƙaramar Hukumar Jada, da Dimlang na jerin Shebshi mai tsayin mita 2,042, sha'aninsu daban ne. Chappal Waddi kuwa, wanda da mita 2,419 ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti da aka kafa a 1991, ta ɓangaren Taraba, kuma isa ƙolinsa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, a wuraren da waya ba ta samun sabis kuma mota ba ta shiga.

Abin da ya fi saurin kayar da mai hawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, wato gumi ya fitar da ruwa da gishiri fiye da yadda ake mayarwa, domin mai tafiya a rana da kaya a baya yana iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya, kuma alamominsa su ne ciwon kai da jiri da ɗaurewar jijiyoyi da fitsari mai duhu. Saboda haka ake ɗaukar ruwa wadatacce da ƙunshin gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa, a kama hanya bayan sallar asuba, a kuma bar Maris da Afrilu, lokacin da zafin Jimeta ke haura digiri 40. Da damina ma ƙoramun da ake tsallakewa da safe suna iya cika maƙil kafin la'asar. A can sama kuma sanyi ne, tunda kowace mita 1,000 tana rage zafi da kimanin digiri 6, don haka bargo da rigar sanyi da tocila ba kayan ƙawa ba ne. Takalmi mai rufe idon sawu, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, shi ne kariya daga kububuwa, macijiyar da dafinta ke hana jini daskarewa. Wanda ta sara ba a ɗaure masa ƙafa tamau, ba a tsaga wurin da reza, sai dai a hana shi tafiya a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma asibitin da ya shahara da wannan aiki yana can Kaltungo a Jihar Gombe.

Duk waɗannan kayayyaki, kuɗi na iya sayensu a kasuwar Jimeta, amma babban guzuri ba ya kasuwa, shi ne ɗan jagora. Da ɗan gari kan ci gari. Manomin da ya tashi a gindin dutse ya san idon ruwan da ba ya ƙafewa da rani, ya san turbar da ke ƙarewa a bakin rami, ya san inda ƙasar Nijeriya ta tsaya ta Kamaru ta fara, ya kuma san ranar da bai kamata a shiga daji ba saboda masu garkuwa da mutane. Taswirar cikin waya ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kafin a ɗauki ɗan jagora kuwa, ladabi da hankali sun wajabta a isa gaban mai gari a gaishe shi, a faɗi adadin mutane da hanyar da za a bi da ranar dawowa, domin idan ayari bai sauko ba, mutanensa ne za su bar gonakinsu su shiga nema, ba abokan intanet ba.

A nan ne gangancin yake zama rashin mutunci. Tun tsakiyar shekarun 1980, zamanin tsohuwar Jihar Gongola, da jaridu suka yi ta yayata cewa an “gano” mutanen Koma, wasu 'yan birni suka ɗauke su abin kallo, har yau kuma ana samun wanda zai ɗora kyamara a fuskar tsohuwa ba sallama ba izini, ya taka wurin ibadar mutane, ya watsar da robobi a bakin ruwan shansu, sannan ya tsaya yana cinikin ladan wanda ya ɗauko masa kaya tun safe. Wannan ba wayewa ba ce, raini ne, kuma wanda iyayensa suka yi wa tarbiyya ba ya aikata shi. Masu cewa ɗan jagora ƙarin kashe kuɗi ne su kwatanta ladansa da kuɗin data da suke ƙonawa a wata.

Hukuma ma tana da nata kason laifin. Jihar da ke da Sukur, wurin farko a Nijeriya da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999, inda magabata suka shimfiɗa hanyar dutse har fadar Hidi, wato sarkinsu, ba tare da kwangila ba, bai kamata a ce tana jiran sai an yi asarar rai kafin ta yi rajistar 'yan jagora, ta koya musu taimakon gaggawa, ta kuma riƙa bayyana wa jama'a halin tsaron yankuna irin su Madagali ba.

Kafin hukuma ta farka, nauyin yana wuyan iyaye da shugabannin ayari. Duk ɗan da ya zo neman izinin hawan dutse, a tambaye shi sunan ɗan jagoransa da yawan ruwansa da ranar dawowarsa. Idan ya kasa amsa ɗaya daga ciki, ya zauna a gida.