Talabijin a ɗakin yara: Ciniki ya yi kyau, barci ya ragu

Duk mai zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Konni, ya san cewa akwatin talabijin, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira tele, ya daina zama kayan masu hali. Ga na hannu, ga sababbi 'yan China, ga kuma sola da ta rage dogaro da wutar gwamnati. Shi ya sa magidanci kan ƙaro na biyu ya kafa wa yara a ɗakinsu, don a huta da rigimar canza tasha.

To amma me wannan hutu ke ci?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kowace rana, har da na rana, kuma kada kallonsa ya wuce awa ɗaya. Jariri da bai kai shekara ba kuwa, ba a so ya yi kallo sam. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma tun 2001 ta shawarci iyaye su fitar da talabijin daga ɗakin kwanan yara.

Dalili a fili yake. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke jawo barci. Haske da daddare na jinkirta shi. Ga kuma ƙara da faɗace-faɗacen fim da ke sa zuciyar yaro ta ƙi kwanciya.

A wajenmu matsalar ta fi tsanani, domin lokacin tashi ba ya matsawa. Da asuba gida ya farka, sai makarantar allo, sai boko ko lakwal. Yaron da ya kai ƙarfe 11 yana kallo ya tashi ƙarfe 6, awa 7 kacal ya samu. Gyangyaɗi a gaban malam, saurin fushi da kasa riƙe karatu, nan suke samo asali, sai kuma a bi shi da bulala.

Ɗan kasuwa ya fi kowa shiga wannan tarko, tunda yakan kwana a hanya ko ya dawo bayan isha'i a gajiye, bai san ƙarfe nawa aka kashe akwatin ba.

Ba wanda ya ce a daina sayarwa ko a daina kallo. Abin da ake so shi ne akwatin ya zauna a falo ko tsakar gida, inda idon manya yake, a kashe shi aƙalla awa ɗaya kafin yara su kwanta, wayar hannu ma kada ta maye gurbinsa. Maigida da uwargida su yanke lokaci ɗaya, ko yana gari ko ba ya nan.

Idan kuma mai saye ya ce maka na ɗakin yara yake nema, Alhaji, gaya masa gaskiya. Wanda ka yi wa nasiha yau, gobe ma wurinka zai dawo.