ƘAUYEN DA BAI FITO ZAƁE BA

Bisichi ɗan ƙauye ne a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, kudu da Jos. Asalinsa barikin kuza ne, inda leburori Hausawa suka sauka zamanin kamfanonin Turawa, suka zauna kusa da ƙauyukan Birom da rugagen Fulani. Kamfanoni sun kwashe kayansu sun tafi, sun bar manyan kududdufai da mutanen da suka koma noman rani da ƙananan sana'o'i. Irin wannan ƙauye yana da yawa a tsaunukan Filato, kuma 'yan siyasa ba su cika tunawa da shi ba sai an kaɗa gangar zaɓe.

Ba wanda zai ce mutumin Filato bai san darajar ƙuri'a ba. A 1979, sa'ad da NPN ta lashe yawancin jihohin Arewa, jama'ar Filato suka ɗora Solomon Lar na NPP a kujerar gwamna. A 2015 suka juya wa PDP baya suka zaɓi Simon Lalong na APC. A 2023 kuwa Peter Obi na jam'iyyar Leba ne ya ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa, bayan makonni uku suka bai wa Caleb Mutfwang, ɗan takarar PDP, kujerar gwamna. Jama'ar da ta iya rarrabe ƙuri'arta haka ba ta bukatar a koya mata siyasa.

To, amma a ƙananan ƙauyuka akwai wata cuta. Tun daga rikicin Jos na 2001, da wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a watan Nuwamba na 2008, ƙabila da addini suka shiga gaba wajen yanke wa ƙauye jam'iyyar da zai bi. Ɗan takara yakan zauna a Jos ya lasafta: wannan gari nawa ne, wancan na abokin hamayya ne. Wanda yake ganin ya mallaki gari ba ya wahalar da kansa da yi masa aiki, wanda ya fid da rai kuwa ko leƙawa ba ya yi. Ta haka hanya take lalacewa, asibiti ya rasa magani, makaranta ta rasa malami.

Sa'an nan ga raguwar masu fitowa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ke cikin rajista a Nijeriya, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kimanin kashi 27 cikin ɗari ba. Talakan ƙauye a Filato yana da hujjojinsa na zama a gida. A 2018 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a 13 daga cikin 17 na jihar, aka tsallake Barikin Ladi da Riyom da Jos ta Arewa da Jos ta Kudu saboda tsaro. A ƙarshen 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tuɓe gwamna da 'yan majalisar jiha 16 na PDP a kan batun shugabancin jam'iyya. Kotun Ƙoli ta mai da gwamna kujerarsa a watan Janairu na 2024, amma 'yan majalisa ba su da wata kotu ta gaba. A jajibirin Kirsimeti na 2023 kuma 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Bokkos da Barikin Ladi, suka kashe mutane fiye da 100. Wanda ya gudu ya bar gidansa ya bar rumfar zaɓensa ke nan.

Duk da haka, ƙauracewa akwati ba ta taɓa gyara wa kowa hanya ba. Ɗan siyasa ƙidaya yake yi, garin da ya fito da ƙuri'a kaɗan shi ne na ƙarshe a rabon aiki. Idan kuma an san inda 'yan ƙuri'un nan za su faɗa tun kafin ranar zaɓe, asara ta zama biyu.

Saboda haka kafin zaɓen 2027 kowa yana da nasa aiki. Wajibi ne gwamnati ta tsare ƙauyuka, ta mai da 'yan gudun hijira gidajensu. Ya kamata Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta kai rajista da rabon kati har cikin ƙauye, kada manomi ya bar gona ya biya kuɗin mota zuwa hedkwata. Limamai da fastoci da masu unguwanni su bar cinikin ƙuri'ar jama'a a dunƙule. Su kuma mutanen Bisichi da makwabtansu, Birom da Hausawa da Fulani, hanya ɗaya suke bi zuwa kasuwa. Su zauna tare su rubuta bukatunsu, su miƙa wa duk ɗan takarar da ya zo, ran zaɓe kuma su fito ƙwansu da kwarkwatarsu.

Allah ya zaunar da Filato lafiya.